Gangar Baba

Shekara ashirin da takwas na yi a Jidda, duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce masa manomi ne. Ban yi ƙarya ba. Gonarsa tana nan arewa da ƙauyenmu a ƙasar Bakura, jigawa ce mai son gero, da ɗan fadama a gindinta inda yake zuba dawa. Sai dai akwai sauran magana da nake haɗiyewa. Baba makaɗi ne. Gangar noma yake kaɗawa, ita ya gada a wurin nasa uban, kuma da ita da hauya ya ciyar da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya.

Watan Agusta muke ciki yanzu da nake wannan rubutu. A nan Ruwais, Agusta gumi ne zalla. Iskar teku ta taso da ɗanshi, riga ta manne wa mutum a baya, ko bayan isha'i in na rufe shagon ɗinki ƙasa tana huci. A gida kuwa marka ce, gero ya yi ciki, kwaɗi sun cika dare da kuka. A irin wannan wata Baba ya rasu, a 2016, kuma duk shekara in ya zagayo sai barci ya yi mini wuya.

Bai san ranar haihuwarsa ba. Yakan ce dai an haife shi shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, wato 1938. Ni kuma, ɗansa na fari, na zo shekarar da aka kashe Sardauna, 1966. Ku da kuka tashi a gida kun san abin da ke tsakanin uba da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙanena, "Kai, kira wanga yaro." In mun haɗu a zaure sai ya kau da kai ya tambayi akuyar da ke kusa ko an ba ta dusa. Mutumin da ya san sunan kowane saurayi a ƙauyuka bakwai, da sunan ubansa da na kakansa, yana rattabo su da ƙarfi a tsakiyar gona, nawa sunan ne kaɗai ba ya fita daga bakinsa.

Bari in yi wa 'ya'yanmu da aka haifa a nan bayanin gayya, don na lura da yawansu ba su san ta ba. In gona ta fi ƙarfin mai ita, ciyawa ta taso masa lokacin noman firi ko maimai, sai ya kai goro ya gayyaci samarin gari. Ba a biyan kowa ko kwabo. Mata su dama fura, su tuƙa tuwo, a yanka akuya in da hali. Da sassafe samari su jeru, kowa ya kama kuyyarsa, makaɗi yana biye da su da ganga a kafaɗa. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, ɗan kiɗa nasa shi kaɗai, wanda in an buga kowa ya san da wa ake. Ka ga ƙato ya gaji har hauya tana neman kuɓuce masa, da an saki takensa sai ya yi kururuwa ya sake duƙawa kamar yanzu ya fito daga gida. Wanda ya noƙe a baya kuma ganga ta yi masa habaici, 'yan mata masu kawo ruwa su kwashe da dariya, dole ya motsa.

Mutane suna ɗauka bugu ne kawai. Sai da na girma na gane lissafi ne. In makaɗi ya yi sauri da safe, samari za su ƙare kafin hantsi, a bar rabin gona. In ya yi sanyi, rana ta take ba a kai ko'ina ba. Baba yana kallon kafaɗun mutane, yana kallon inuwa, yana kallon abin da ya rage na gona, sannan ya san inda zai ja da inda zai sassauta. Ya iya wannan ne don shi ma manomi ne, ya san daidai wurin da baya yake fara ciwo. Yakan ce, "Ganga ba ta noma. Ita dai ka sa mutum ya mance da ciwon baya." Ladansa kuwa sai kaka: wannan ya aiko dami biyu, wancan ɗaya, wani kaza, wani ƙwaryar wake.

Ranar da babu gayya, ganga tana rataye a ɗakinsa, shi kuma yana gaba a gandu. Mu fita bayan asuba, mu yi aikin gandu har azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa. Rumbu uku ne a gidanmu. Biyu ana ci daga kaka, na ukun ba a taɓa shi sai damina ta faɗi, lokacin da hatsi ke tsada kuma aiki ke cin ƙarfi. Shi da kansa yake ɗebo wa kowace mace awonta, ma'auni ɗaya, a gaban kowa, don kada a ce. Ban taɓa jin iyayenmu mata sun yi faɗa kan hatsi ba. Kan kaji da wanki dai an sha yi.

Ina da shekara bakwai aka yi farin 1973, shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. An yi shuka ta bushe, an sake ta bushe. Babu wanda ya kira gayya, don babu abin nomewa. Baba ya sayar da jakinsa da tumaki biyu. Akwai wasu zangarniyoyin gero da ya zaɓa ya rataye a rufin ɗakinsa, iri ke nan na baɗi. Wata rana kishiyar uwata, da yunwa ta sa yaranta kuka, ta roƙe shi a sauke ko kaɗan ne a yi kunu. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Wanda yac ci iri ya ci baɗi." Washegari ya kama hanyar Gusau ci-rani. Wata huɗu yana dako a kasuwa da tashar jirgin ƙasa, yana aiko mana da abin da ya samu. An ba shi shawara ya tafi da ganga, ya bi ƙofofin masu kuɗi, zai fi samu. Ya ƙi. Ya ce tasa gangar ta gona ce, ba ta san hanyar ƙofar kowa ba. Da damina ta dawo, da wannan irin muka shuka, har maƙwabta uku suka samu.

To me ya sa na ɓoye mutum irin wannan? A 1976, da aka buɗe makarantun UPE, aka sa ni firamare ina ɗan shekara goma. Can na fara jin "ɗan maroƙi". Yaran da ubanninsu ke tsalle in Baba ya buga takensu, su ne ke ce mini gidanmu gidan roƙo ne. Da na je Gusau koyon ɗinki, na ga wata yarinya, magana ta yi nisa har an kai gaisuwa. Sai kawunta ya bincika asali. Aka dawo mana da kayanmu cikin ladabi, aka ce an riga an yi mata miji. Kowa ya san dalili. Baba bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma daga ranar na ɗora wa ganga laifi. A 1991 na zo Umra na zauna, kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi, daga baya Allah Ya sa na samu igama. Na ce a raina, nan babu wanda ya san gidanmu.

Abin dariya, a shagona babu abin da ake sa wa a rikoda kamar kaset ɗin Musa Ɗanƙwairo da na Mamman Shata. Ɗanƙwairo a Bakura aka haife shi, ƙasarmu ɗaya, kuma gidansu da kiɗan noma aka san su kafin ya shahara a fada har ya yi wa Sardauna waƙa. Ya rasu a shekarar da na zo nan. Shata kuwa har digirin girmamawa Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988. In an sa su, 'yan Kano da 'yan Maraɗi da 'yan Damagaram da ke zama a bencin shago kowa sai gyaɗa kai, ni kuma in ce da alfahari, "Ai mutumin garinmu ne." Na yarda in yi tutiya da makaɗin da ban haɗa jini da shi ba, na kasa ambaton wanda ya haife ni.

A waɗannan shekarun babu waya a ƙauye. Kaset muke ɗauka mu ba alhazai su kai gida, su ma su ɗauko nasu su aiko. Da na fara samun riyal, na ɗauki kaset na gaishe da kowa, sannan na ce, "Baba, don Allah a ajiye gangar nan. Duk abin da take kawowa ni zan riƙa aikowa, har da ƙari. Girma ya zo, kuma malamai suna magana." Na kawo hujjoji iri-iri, amma ni na san ba tsoron Allah ne ya sa ni magana ba. Kunya ce.

Amsa ta zo da alhazan shekara mai zuwa. Uwata ta yi magana, ƙannena suka yi, kowa da saƙonsa, wannan agogo, waccan gyale. Baba ne na ƙarshe. Ya ce a gai da mutumen Makka. Ya ce ruwa ya sauka da wuri, gero ya yi kyau, dawa ce tsuntsu ya taɓa. Ya ce an ga saƙo, Allah Ya yi albarka. Bai ce uffan kan ganga ba. Sai aka ji motsi, aka ji yara suna cewa a matsa, sannan kiɗa ya tashi. Bai fi minti biyu ba. Gabana ya faɗi, don na san shi. Tun ina yaro, in na yi nisa a kiwo ko na tsaya wasa a bakin rafi, wannan kiɗan nake ji daga gida in sheƙo da gudu. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba sai ran nan a Ruwais, ina zaune kan keken ɗinki. Take ne. Nawa ne. Bakinsa ba ya iya kiran sunana, sai ya ba ganga ta riƙa kira masa. Na kashe rikoda, na jefa kaset ɗin a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba, har matata.

Na biya masa kujera a hajjin 2004. Bayan an sauko daga Arfa, alhazai suna zaman jiran jirgi a Madinatul Hujjaj, na je na ɗauko shi ya kwana biyu a wurinmu. A mota na ce masa, "Baba, nan ba kamar gida ba ne, mutane ba su son zancen kiɗa." Ya dube ni ta gefen ido ya ce, "Na jiya." Lokacin sanyi ne, da yamma na kai shi bakin teku ya ga ruwan nan na Sarki Fahad da ke tashi sama fiye da dogon bene. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ruwa, gonar wa shika zuwa?" Na ce, "Ba ya zuwa ko'ina, Baba, na teku ne, gishiri gare shi." Ya ce, "Ai ko da nij ji. In da na sha ne da ba a wasa da shi hakanga." Duk inda muka bi, ƙasa yake dubawa. Ya duƙa ya damƙi yashi a gindin wata bishiya, ya murza, ya zubar, ya kaɗe hannu.

Da dare maƙwabta suka zo gaishe shi. Cikinsu akwai wani tsoho da muke ce wa Baba Alhaji, wanda ya zo ƙasar nan ta ƙasa tun yana saurayi, ta Chadi da Sudan, ya yi shekaru yana aikin auduga a hanya kafin ya tsallako teku. Bai sake komawa ba. An sha shayi, an kwashe kofuna, tiren yana gaban Baba. Ana hira, ni ina lura da hannunsa. Yatsunsa suka fara taɓa tiren a hankali, shi kansa ban jin ya san yana yi. Na yi gyaran murya. Bai ji ba. Sai Baba Alhaji ya ɗaga hannu ya tsayar da hirar, ya ce, "Malam, sake wannan." Baba ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya sake, wannan karon da tafin hannu. Tsohon nan ya miƙe da ƙyar, ya duƙa a tsakar ɗaki kamar mai riƙe da hauya, ya yi taku uku, sai kuka ya ƙwace masa. Ya ce rabon da ya ji kiɗan gayya tun ubansa yana da rai. Ya kama hannun Baba ya ƙi saki, yana tambayarsa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ko kasuwar Talatar Mafara tana ci har yanzu, ko ana noman maiwa.

Da suka watse na ɗauka Baba zai yi mini magana. Bai yi ba. Ya jawo 'yata, lokacin tana da shekara bakwai, ya ɗora ta a cinya, ya kama yatsunta yana koya mata bugun a kan tire. Ita kam sunanta yake kira har da tsokana, yana ce mata matarsa, ai jika ce. Washegari na mayar da shi sansanin alhazai. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Ganga kuwa ba ni na sa ya ajiye ta ba. Zamani ne. Garmar shanu ta yawaita, maganin feshi ya zo, samari suka koma ƙwadago na kuɗi ko suka tafi birni acaɓa. Gayya ta yi ta raguwa har ta zama sai jefi-jefi. Ƙanena ya ce ko a shekarunsa na ƙarshe, in hadarin farko ya haɗo, yakan sauke ta ya shafa mata mai, ya ɗaure tsarkiya, ya ɗan buga a zaure shi kaɗai, ya mayar. Gona kuwa bai bar zuwa ba sai saura kwana tara ya rasu. Ina cikin yanka wata jallabiya waya ta shigo. Kafin in gama fahimtar abin da ake faɗa mini, an riga an tafi kai shi. Muka yi zaman makoki kwana uku a nan, na je Makka na yi masa Umra. Mutane suna ta cewa Allah Ya jiƙan manomi, ni ina amsawa da amin.

A 2019 aka zo neman auren 'yar tawa. Mutanen kirki ne, asalinsu Kano, amma an haifi yaron da ubansa a Makka. Bayan an gaisa, baffan yaron ya ce, "To Alhaji, a can gida wane gida ne?" Amsar da na saba tana bakina. Sai na hango tiren shayi a gabansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Mahaifina manomi ne a ƙasar Bakura, kuma makaɗin noma ne, shi da ubansa." Ɗakin ya yi tsit. Baffan ya ce madalla, za su je su yi shawara.

Kwana ashirin ba mu ji daga gare su ba. Matata ta ce na rasa ranar faɗin gaskiya sai ranar da za ta taɓa 'yarta. Yarinyar ba ta ce mini komai ba, ta dai daina cin abinci tare da mu. A cikin kwanakin nan ne na tono kaset ɗin daga ƙasan akwati, ɗana ya kai wani shago aka juye shi a waya. Na kira su duka na sa musu. Na gaya musu abin da na gaya muku yanzu, har da yarinyar Gusau, har da kaset ɗin da na aika. Da kiɗan ya tashi, 'yata ta sa hannu a kan tabarma ta bi shi daidai, ba kuskure. Ta ce, "Abba, ai wannan ne Kaka ya koya mini." Shekara goma sha biyar tana ɗauke da takena ba ta san ko na wane ne ba.

Sun dawo, an ɗaura aure. Daga baya na ji wata gwaggon yaron ta ƙi yarda har ƙarshe, ba ta zo biki ba, kuma har yau ba ta taka gidan 'yata ba. Ban riƙe ta a rai ba. Ni da na yi shekara ashirin da takwas ina ra'ayi ɗaya da ita, da wane baki zan zarge ta?

Gidan da Baba ya kwana a cikinsa ya tafi a rusau ɗin 2022, maƙwabtan da suka ji kiɗan tire sun watse, Baba Alhaji ya riga mu gidan gaskiya. Gonar ma damina uku ke nan ba a shuka ta ba, saboda 'yan bindiga. Iyalinmu suna haya a Talatar Mafara. Ƙanena ya ce daren da suka gudu, abu biyu ya koma ya ɗauko daga ɗakin Baba: ganga, da ɗaurin zangarniyar iri. Fatar gangar ta tsage gefe ɗaya. Na aika kuɗi a nemi wanda ya iya ya sake mata fatar akuya, ko da babu mai kaɗawa. Irin kuwa yana shuka shi duk shekara a wani ɗan fili da ya ara bayan gari, don kada ya mutu kafin a koma.

Jikana na fari yana da shekara uku, sunan Baba aka sa masa, don haka ni ma yanzu ba na iya kiran sunansa, sai dai in ce Baba ƙarami. In an kawo shi shago, nakan kifa kwanon maɓallai in buga masa minti biyun nan, ya taho da gudu daga bakin ƙofa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa mahaifina a addu'a, manomi kuma makaɗi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya mu ga an koma gona.